Masu Ambaton Daktan Ɓeraye

Shekarar da jami'a ta sauya dokar ƙarin girma, aikin ƙidaya ya faɗo kan Anti. Ba wai ta fi sauran ma'aikatan laburare iyawa ba ne. Ita dai aka tura bita ta kwana uku, a lokacin da kowa ya ce yana da uzuri.

A da, in malami yana neman zama farfesa, takardun binciken da ya wallafa ake tarawa a kai wa kwamiti, su jinjina nauyinsu a hannu. Sabuwar doka ta ce wallafawa kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci takardun mutum a cikin nasu rubutun. Wanda ya kai ambato ɗari uku ya wuce. Wanda bai kai ba ya dawo baɗi.

Aka ba ta ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, mai ƙofa ɗaya ba taga, da fanka mai juyawa ɓangare guda kawai, da kwamfuta, da kujerar baƙo wadda ƙafarta ɗaya ta ɗan gaza sauran. A kan wannan kujera ta ga manyan mutane suna rangaji suna jiran lambarsu, kamar masu jiran sakamakon gwajin jini. Aikin kansa ba wuya. Ta rubuta sunan mutum, kwamfuta ta jero takardunsa, kowace da lamba a gefenta, ta haɗa jimla, ta cike fom mai gurbi biyu: yawan takardu, da yawan ambato. Ta sa hannu, ta buga hatimi.

Wata Laraba da hantsi sai ga yayan mijinta a bakin ƙofa, rungume da fayil.

Dakta ne a sashen nazarin ƙwaƙwalwa. Shekara ashirin da shida yana bincike a kan barci da mantuwa, kuma duk a kan ɓeraye yake yi, shi ya sa ɗalibai ke ce masa Daktan Ɓeraye, a bayan idonsa da farko, daga baya har a gabansa. Dogo ne, mai ɗan ranƙwafawa, ba ya zuwa taro, ba ya neman muƙami. Sa'o'insa duk sun zama farfesoshi, har da wasu da ya koyar. A gida kowa Yaya yake ce masa. Shi kuma tun ranar da aka kawo ta gidan ƙanensa yake kiranta Amarya, bai fasa ba, ko da yake babbar 'yarta na shirin gama sakandare.

"Amarya, an ce ke ce mai awon."

"Ni ce, Yaya. Sannu da zuwa. Kujerar tana ɗan motsi."

"Bari na tsaya. Shugaban sashe ne ya matsa, ya ce saura mini shekara huɗu na yi ritaya, abin kunya ne a sallame ni a Dakta." Ya ajiye fayil ɗin a bakin tebur. "Ki auna. In bai kai ba ki gaya mini ta bakin mijinki."

Ya tafi. Ta rubuta sunansa. Takardu talatin da ɗaya suka fito, jimlar ambato ɗari uku da tamanin da takwas. Ta sake haɗawa, ta samu daidai. Abu ɗaya ta lura da shi: takarda guda, wadda ya wallafa shekara goma sha tara da suka wuce, ita ta kwashe ɗari uku da arba'in da ɗaya. Sauran talatin suka raba arba'in da bakwai tsakaninsu. Bai dame ta ba. Ta saba ganin haka, ko a gida ɗaya akan sami yaro guda da ya fi sauran farin jini.

Kuskurenta shi ne ta faɗa wa mijinta. Mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai son jama'a, kuma a wurinsa duniya ba ta taɓa yin mai ilimi kamar yayansa ba. Ranar Asabar, da suka je gaida Inna, mahaifiyarsu, ko zama bai gama yi ba ya saki labarin.

"Inna, mutum kusan ɗari huɗu ne ke ambaton Yaya a duniya. Manyan masana. Ga wadda ta ƙirga nan."

Inna na zaune a kan tabarma tana tsinke zare daga wani tsohon zane. Ta ɗago.

"Su waye?"

"Ba mu san su ba, Inna. Na ƙasashen waje ne."

"Ba ku san su ba, suna ambatonsa." Ta juyo wajen Anti. "Ke, da alheri suke ambaton nasa?"

"Kwamfutar ba ta faɗi wannan ba, Inna. Yawansu kawai take bayarwa."

"To me ta sani ke nan? Ni ma ranar da akuyata ta shiga gonar mutane, duk unguwa ta ambace ni."

Mijin Anti ya yi dariya har da buga cinya. Inna ba ta yi ba, ta koma kan zarenta.

Ranar Litinin fom ɗin na kan tebur, sa hannu kawai ya rage. Anti ta ɗauki biro, ta ajiye. Ta ce bari ta buɗe guda biyu ko uku daga cikin masu ambaton, don ta samu abin gaya wa tsohuwa.

Takardar Yaya mai farin jinin cewa ta yi: in aka hana ɓera barci kwana uku, ƙwayoyin halitta na mutuwa a sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe tunawa. Ya yanka ƙwaƙwalwar sala-sala, ya sa mata rini, ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyin sun yi baƙi sun motse. Har da hotuna. Anti ba ta san komai game da ƙwaƙwalwa ba, amma ta iya neman suna a cikin rubutu ta karanta jimlar da ke kewaye da shi.

Ta farko ta ce, saɓanin abin da aka taɓa iƙirari, sai sunan Yaya. Ta biyu ta ce, wannan kuskure ne da aka daɗe da ganowa, sai sunan Yaya. Ta uku littafin koyarwa ne, an sa hoton da Yaya ya ɗauka a cikin akwati na musamman, a ƙarƙashinsa an rubuta wa ɗalibai su kiyayi irin wannan.

Ta tashi ta juya fankar da hannu ta fuskanci bango, don takardu sun fara tashi. Ta dawo ta buɗe ta huɗu.

Mako biyu ta yi a kai. Ta ja layi uku a wani littafin rubutu, duk wadda ta karanta ta sa mata alama a layinta. Masu neman lambarsu suka yi ta zuwa suna tarar da ƙofa a rufe. Da ta gama, abin ya tsaya haka: ɗari biyu da casa'in da shida sun ce Yaya ya yi kuskure. Talatin da uku sun jera sunansa cikin wasu sunaye ba su ce komai ba. Goma sha biyu sun yarda da shi, duk a shekaru biyun farko, kuma biyar daga cikinsu shi ya rubuta su.

Ta kai wa mijinta maganar da yamma, yana tsakar gida ya baje cikin wata tsohuwar fanka a kan jarida. Ya saurara har ƙarshe, sukudireba a hannu.

"Fom ɗin ya tambayi abin da suka ce?"

"A'a."

"Lambar da za ki rubuta ƙarya ce?"

"Gaskiya ce."

"To a bar kaza cikin gashinta mana. Ni in aka kira ni gyaran soket, ba na buɗe firjin mutane."

"In ka ga waya tana hayaƙi a bayan firjin fa?"

Ya hura ƙura daga jikin wani ƙarfe. Can ya ce, "Yaya ne ya riƙe ni tun ina aji uku. Ba zan iya gaya masa ba. Ke ma ban ce ki gaya masa ba."

Ta kwana uku tana juya abin. Ba ta taɓa yin doguwar magana da Yaya ba, tsakaninsu gaisuwa ce da tambayar yara. Amma ta kasa sa hannu, ta kuma kasa ƙin sawa. Ranar Alhamis bayan azahar ta ɗauki littafinta ta nufi sashensu.

Ɗakin bincikensa na can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiye tsintsiya. Warin ɓeraye da na magani ya tare ta tun daga ƙofa. Kejina ne jere a kan kanta, kowane da kwalbar ruwa a kife da ɗan kati. Yaya na tsaye cikin farar riga da ta sha wanki, yana ɗora wani farin ɓera a kan sikeli.

"Amarya. Bai kai ba ke nan, tunda kin zo da kanki."

"Ya kai, Yaya. Har ya wuce."

"To madalla."

"Sai dai na karanta su."

Ɓeran ya sauko daga sikeli ya hau hannun rigarsa. Ya kama shi a hankali ya mayar keji, ya rufe, ya rubuta wani abu a kati. Sannan ya jawo mata kujera, shi ya jingina da kanta.

"Duka?"

"Duka."

"Ni a ta goma na tsaya," ya ce. "Shekara goma sha bakwai ke nan."

Ta rasa inda za ta sa idonta, ta sa shi a kan kwalbar ruwan wani ɓera.

"Kin gane mene ne kuskuren?"

"Sun ce ba rashin barci ne ya baƙanta ƙwayoyin ba."

"Babban yatsana ne." Ya ɗago shi ya nuna mata, yatsa kamar na kowa. "Ƙwaƙwalwa aba ce mai laushi. Akwai ruwan maganin da ake sa mata ta yi tauri kafin a taɓa ta, kuma sai an ba shi lokaci. In ka yi gaggawar ciro ta, duk inda ka danna sai ƙwayoyin wurin su yi baƙi. Ni kuwa ɗoki nake. Ɓerayen da na hana barci, nan take nake ciro tasu don na ga abin da ya faru. Waɗanda suka yi barcinsu ba na ɗokinsu, sai washegari. Shi ke nan. Na ga bambanci, na ce na gano abin da ba wanda ya gano. An gayyace ni ƙasa uku na yi bayani."

"Wa ya gane?"

"Wata mata ce a wata jami'a mai nisa. Ta gwada sau shida ba ta ga komai ba, sai ta rubuto tana roƙon na aika mata gilasan da na ɗora yankan ƙwaƙwalwar a kansu. Abokaina suka ce kar na aika. Na haɗa mata duka, har da littafin da nake rubuta abin da na yi kowace rana, don ta ga irin tsabtar aikina. A cikin littafin ta ga ranakun."

"Da ba ka aika littafin ba fa?"

"Da sun ƙara shekara biyar suna hana ɓeraye barci a banza." Ya gyara zaman wani kati. "Ta rubuto mini wasiƙa mai kyau. Ban amsa ba. Na ji ta rasu bara waccan."

Wani ɓera ya hau ƙaramar ƙafar keken da ke kejinsa ya fara gudu, ƙarar ta cika ɗakin. Suka jira ya gaji.

"Yaya, fom ɗin lamba kawai yake so. In na rubuta ta, ban yi ƙarya ba."

"Amma kin zo."

"Na zo."

"To ki rubuta lambar a gurbinta. Abin da kika gani kuma ki rubuta a wata takarda ki haɗa. In sun ba ni, su san abin da suka ba. Ba na son a kira ni farfesa ina duban bayana." Ya buɗe keji na gaba. "Kar ki gaya wa Inna."

Ta rubuta shafi ɗaya, ba ƙari ba ragi, da lambobin layukan nan uku. A ƙasa ta ƙara cewa shi da kansa ya ba da kayan da aka gano kuskuren da su. Ta haɗa da fil ta miƙa.

Bayan wata ɗaya kwamiti ya kira ta. Mutum bakwai ne kewaye da dogon tebur, gaban kowa da kwalbar ruwa da biskit a faranti. Shugabansu farfesan shari'a ne, mai magana a hankali kamar yana biyan harajin kowace kalma. Ya ɗaga shafinta da yatsu biyu.

"Malama, wa ya nemi wannan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Mai fayil ɗin ne ya ce a haɗa."

"Shi da kansa?"

"Shi da kansa."

Aka dubi juna. Wani farfesan lissafi, gajere mai furfura a gira, ya ce a ganinsa abin mai sauƙi ne, a cire ɗari biyu da casa'in da shida, saura casa'in da biyu, mutum bai kai ba. Shugaba ya jawo kundin doka ya karanta sakin layin da ƙarfi, sau biyu. Doka ta ce ambato. Ba ta ce yabo ba.

"Amma hankali fa?" in ji farfesan lissafi.

"Hankali ba ya cikin abin da aka ba mu mu duba. In muka cire nasa, adalci ya wajabta a karanta na duk wanda ya wuce ta wannan doka, a ga me aka ce game da shi. Da na waɗanda suka wuce kafin ta." Ya dubi teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Malama, za ki iya?"

"Zan iya, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya mako biyu."

Wani ya buɗe ruwansa. Farfesan lissafi ya ɗauki biskit ya duba shi gaba da baya, ya ce shi dama tambaya kawai ya yi.

Shugaba ya zare fil ɗin da farcensa, ya miƙo mata shafinta, ya ce a rubuta cewa an karɓi fom cikakke, an kuma mayar da wata takarda da ta shigo bisa kuskure. Aka amince da ƙarin girman ba mai ja. Duka zaman bai kai minti ashirin ba. Tana fita farfesan lissafi ya biyo ta baranda, ya tambaye ta ƙasa-ƙasa ko ta taɓa buɗe nasa. Ta ce a'a. Ya ce madalla, aiki ya yi mata yawa, kar ta wahalar da kanta.

Mijinta ya yi murna kamar shi aka ba. Ya sayo lemo katan biyu, ya kira duk wanda ke cikin wayarsa, ya sa 'yarsu ta rubuta Farfesa a kwali aka manna a ƙofar ɗakin Yaya na gidan Inna, ɗakin da rabonsa da kwana a ciki tun yana saurayi. Yaya ya zo, ya sha lemo rabin kwalba, ya amsa gaisuwa, ya tafi da wuri ya ce lokacin abincin ɓeraye ya yi. Ɗalibai suka gwada ce masa Farfesan Ɓeraye na 'yan kwanaki, bai zauna a baki ba, suka koma wa na da.

Anti ta ɗauka magana ta ƙare. Sai wata Talata, wajen ƙarfe biyu, ta ɗago kai ta gan shi a ƙofa, ba fayil, da tabarau a aljihun gaba.

"Amarya, waɗannan ɗari biyu da casa'in da shidan. Suna nan?"

"Suna nan, Yaya."

"Ina so na gani. Ba a ofishina ba."

Ta fitar masa da goma na farko a firinta. Ya zauna a kujerar baƙo, ta yi gefe da shi, ya ninke wata tsohuwar ambulan ya cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya sa tabarau. Awa biyu yana karatu. Ita tana nata aikin, tana jin ƙarar juya shafi. Da zai tafi ya ce gobe ta fitar da goma na gaba.

Haka ya riƙa zuwa kullum bayan azahar. Wata rana ya karanta da sauri, wata rana ya daɗe a shafi guda yana kallon bango. Sau ɗaya ta ga ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga, ta tashi ta ce za ta je karɓo takarda a sama, ba ta dawo ba sai bayan rabin awa. Masu zuwa neman lambarsu suka saba da ganinsa, suna tsayawa a tsaye. Wani ma ya ɗauka sabon ma'aikaci ne, ya miƙa masa fayil.

A mako na biyar, suna cikin ta ɗari biyu da goma sha wani abu, ta ji ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ya koma shafin baya, ya dawo, ya sake komawa.

"Amarya, ara mini biro."

Ta miƙa masa. Ya ja layi a ƙarƙashin wani abu, ya yi lissafi a gefen takardar, ya ƙirga da yatsu.

"Wannan yaron ya zage ni da kyau, kuma yana da gaskiya. Amma dubi nan. Ɓerayensa na gwaji duk maza ne, na kwatance duk mata. Bai lura ba. Waɗanda suka duba masa ma ba su lura ba."

"Babban kuskure ne?"

"Ya isa." Ya duba shafin farko. "Mutum nawa suka ambace shi?"

Ta rubuta sunan a kwamfuta. "Huɗu."

"Zan fara rubuta masa wasiƙa tukuna, ya ji daga bakina kafin ya gani a mujalla. In yana da littafin aikinsa, ya aiko." Ya ninke takardar ya sa a aljihu tare da bironta. "Nemo mini adireshinsa. Sannan ki fitar da goma na gobe, da sauran aiki."